Gwangwanin Cikin Rumbu

Na fara jin sunan Sulemanu a bakin kakata Gwaggo, ranar da aka zo neman auren Inna Liatu, ƙanwar mahaifiyata. Ta ce, "Ɗan Gozaki ne, manomin auduga. Ba shi da baki, amma an ce ba ya gudun wahala."

Yara huɗu suka samu lafiya lau. A haihuwa ta biyar, cikin 1984, jini ya ɓalle wa Inna Liatu, aka kai ta asibiti a Malumfashi a bayan motar auduga. Jaririn bai zo da rai ba. Likita ya ja Baba Sulemanu gefe ya ce masa wani cikin zai iya zama ajalinta. Ƙwayoyin hana ɗaukar ciki da aka ba ta suka dinga sa ta jiri, sai Baba Sulemanu ya ce ta bari, shi zai ɗauki nauyin.

A zamanin, namiji ba ya tambayar kwaroron roba a garin da aka san ubansa. Sai da ya kai auduga Funtua ya faɗa wani kemis, ya saya da yawa a tashi ɗaya, don kada a gan shi sau biyu. Ɗaki kuwa yara na shiga. Ya zuba a gwangwani ya cusa cikin rumbu, daidai ƙarƙashin jinka, domin a gidajenmu maigida kaɗai ke hawa rumbu.

Abokansa ba su ƙyale shi ba. In an tashi daga sujada ran Lahadi, Mudi zai ce, "Sulemanu, garmar ce ta dakushe, ko gonar ce ta ƙi?"

"Gona ma ana barinta ta huta, Mudi."

"Wane irin hutu? Ai ta zama saura!"

Sai ya yi dariya ya hau kekensa.

Bazara biyu gwangwanin ya sha rana a wurin. Ba wanda ya taɓa gaya masa zafi yana cin roba. Da damina ta kankama, Inna Liatu ta fara tsartar da yawu, ta ƙi warin daddawa. Gwaggo ta je dubiya, ta kalle ta sama da ƙasa, ta dawo gida.

Duk wannan daga bakin Baba Sulemanu na ji. Ina aji biyar na sakandare a Malumfashi ya zo a keke, ya tsaya bakin ƙofar makaranta, ya faɗa mini yana kallon ƙasa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Cikin Inna Liatu ya shiga wata bakwai.

Ya ce, "Rahab, 'yata, ke kin iya magana da mutanen asibiti. Ki je ki tambayar mini ko suna yarda su ɗebi jinin mutum su ajiye tun kafin ranar. In suna yi, ki ce ga ni, su ɗebi iya son ransu."