Gishirin Mutum Ɗari Biyu

Ko da tsufa zai sa in manta lambata ta soja, ba zan manta ranar da mahaifiyata ta ɗanɗana miyata ba.

A lokacin ni kuku ne a wani bariki kusa da Samaru, igiyata ɗaya. Ba za a ba ni ta biyu ba sai na ci jarrabawar girki, ga shi na riga na faɗi sau biyu. In na sake faɗuwa, waɗanda suka same ni a aiki su za su koma ba ni umarni, abin da ya fi damuna ke nan.

Mu sojoji kuwa ba ma faɗuwa jarrabawa da laifinmu. Wanda ya kasa harbi ya ce iska ce, direba ya ce birkin motar ne. Ni dalilina shi ne ogan da ke ɗanɗana abincin ɗan Kudu ne, ina ya san miyar kuka? Na yi ta faɗa har ni ma na yarda.

Wata Asabar na je gida Dogarawa na kwashe komai na faɗa wa Inna. Ba ta yi musu ba, ta miƙo mini tukunya ta ce in yi mata irin wadda na yi masa. Na zage na yi, ina taƙama. Loma ɗaya ta kai ta nemi ruwa, sannan ta dinga dariya har da hawaye.

"Ogan nan naku mutumin kirki ne," in ji ta, "tunda bai sa an kulle ka ba."

Ashe hannuna ya saba da tukunyar mutum ɗari biyu, a jarrabawa kuwa abincin mutum biyar ake dafawa. Da tafi nake dumbuzo gishiri, kuma ba na ɗanɗanawa, wai ni gwani. Daga nan duk ranar hutu ina tsugune gaban murhunta, da na kai hannu zan dumbuzo gishiri ta ƙwala mini ludayi.

Ranar jarrabawa ogan nan dai na tarar. Ya ci, ya ƙara ci, ya ɗago ya ce da Turancin buroka a ƙaro masa tuwo. Wallahi saura kaɗan in taka rawa cikin kaki, murna ta hana ni ko sara masa daidai.

Tun daga ranar, in abu ya ƙi mini, kaina nake fara tuhuma. Sau biyu na ɗora wa bawan Allah laifi, alhali shi ne ya sha wahalar haɗiye miyata.