Inna Ta Fi Ni Iya Ɓera

'Ya'yan mesa biyu gare ni, kuma a cikin kayan goro suka zo. Kawuna yana sauke kwanduna a kasuwar Adjamé da ke Abidjan aka gan su nannaɗe cikin ganye, kowace ba ta fi tsawon hannuna ba. 'Yan turin amalanke suka watse, wani ma na rantse sai da ya kai unguwar Williamsville kafin ya waiwaya. Ni na roƙa aka bar mini, tunda Yayana ya duba a waya ya ce irin nan ba su da dafi. Inna ta yarda bisa sharaɗi: su zauna a ɗakin ajiya na bayan gida, cikin akwatin roba mai huji, kuma kar idonta ya taɓa sauka a kansu.

Babbar ba ta ba ni wahala ba. Ko takalmi ka miƙa mata za ta gwada. Ƙaramar ce ta ƙi cin komai tun ranar da ta zo.

Yaya ya nuna mini yadda ake yi. A samo ɗan ɓera daga tarkon shagon Kawu, a ɗumama shi a ruwan zafi, a kama shi da wani abu mai tsawo, a motsa shi a gabanta kamar yana da rai. Mesa ba ta son mushe, sai an yaudare ta. Na ɗauko abin ɗaukar gawayi na Inna, na ce wannan ai aikina ne, don a lokacin ina zuwa koyon wasan kwaikwayo a Treichville duk Asabar, a wani zaure da ba shi da nisa da babban masallaci.

Na shiga da ɓerana. Na sa shi tsalle, na sa shi juyi, har ƙara na yi masa da bakina. Ƙaramar ta dube mu, ta cusa kanta cikin jikinta, ta dunƙule kamar curin fura. Haka muka yi ta yi. Fatarta ta fara yin laushi, ƙashin bayanta ya fito kamar zare. In na ɗaga ta, sai in ji kamar igiyar takalmi na ɗauka. Na ce ko mu sake ta, Yaya ya ce a unguwar nan, in kyanwa ba ta same ta ba, taɓaryar maƙwabta za ta same ta.

Malamin wasanmu, wanda muke kira Metir, dogo ne mai sanƙo, kuma tun ranar farko yake fama da ni. In ya ce in yi baƙin ciki, sai in faɗi ƙasa ina birgima. In ya ce in shigo ɗaki kawai, sai in shigo kamar an biyo ni da wuƙa. Wata Asabar ya ce kowa ya kwaikwayi dabba. Na ciro abin gawayin daga jakata, na maƙala masa safa, na yi musu ɓerana. Yara suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Metir bai ko murmusa ba.

"Wannan ɓera ne ko mai tallan magani a cikin motar haya ta gbaka?" ya tambaye ni da Faransanci.

Na gaya masa gaskiya, cewa akwai mai kallo ɗaya a gida da ta ƙi wasana, kuma in ta ci gaba da ƙi mutuwa za ta yi. Ya shafa sanƙonsa.

"Yako," ya ce, yadda mutanen Abidjan ke yi wa mutum sannu. "Ke so kike a gan ki. Ɓera kuwa duk rayuwarsa roƙo yake kar a gan shi. Rage."

Na rage. A cikin mota, muna haye gada, ina ta gwadawa da yatsuna har matar da ke gefena ta matsa. Da yamma na durƙusa gaban akwatin, na riƙe numfashi, na ɗan ja ɓeran kaɗan. Ƙaramar ta fito da harshe. Ta miƙo wuya. Murna ta kama ni, na ce "Yawwa!" da ƙarfi, hannuna ya yi sama. Ta koma curin fura.

Nan na zauna na yi kuka, na gaske, marar birgima. Kukan ne ya jawo Inna, da kuma neman abin gawayinta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon rufi.

"Ke, ba ni kayana."

"Inna, mutuwa za ta yi."

"To ni na ce ki kulle baiwar Allah a roba? In yunwa ta kashe ta a gidan nan, alhakin har da ni." Ta yi tsaki. "Miƙo nan. Kuma in ta taɓa ni, ke da Treichville har abada."

Ta karɓa, ta miƙa hannu daga nesa, ta kau da kai, tana karanto duk addu'ar da ta sani. Hannunta na rawa, 'yar rawa ƙanƙanuwa, ɓeran na karkarwa kamar yana neman ƙasa ta tsage ya shige. Ban taɓa ganin ɓera irin wannan ba, ko a cikin masu rai. Ƙaramar ta warware a hankali, sai cap! Inna ta saki ƙarfen, ta yi waje da salati, ta bar takalmi ɗaya.

Ƙaramar ta ci. Na zauna ina kallon ƙullin yana gangara mata a wuya.

Da lokacin ci ya sake zagayowa na kwaikwayi Inna, har da kau da kai da addu'ar. Ƙaramar ko harshe ba ta fitar ba. Dole na koma na yi roƙo, Inna ta zo tana faɗa, aka ci.

Damuwata yanzu ita ce Inna ta fara sabawa. Ran nan na ji ta ce wa ƙaramar "'yar nan", kuma hannunta ya tsaya cik kamar na mai awon gishiri. Ƙaramar ta shinshina ta juya. Sai na matso bayan Inna, don in tsorata ta, na fara ba ta labarin wata mesa da ta haɗiye tela da kekensa, ana jin ɗinki daga cikinta. Na zuba duk abin da Metir ya hana ni. Inna ta fashe da dariya, ɓeran ya yi ta tsalle kamar nawa.

"Rufe mini baki, maƙaryaciya," ta ce. "Kin ga ta dunƙule."

Muka tsaya mu biyu a kan akwatin, ɓera yana hucewa, muna jira ta fito da kai.