Gyaran da Ya Cinye Rezin Kawu

A shekarun da kowane gida a Maraɗi yake da jam'iyya biyu ko uku, mu malaman lakwal mun fi daɗewa a yajin aiki fiye da cikin aji. Saboda haka da Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya zo daga Jiratawa yana neman wanda ya iya karatun jikin gwangwani, bai sha wahalar samuna ba.

Kawu yana da ƙaramin kwale-kwale na fiba da wani furoje na masu aikin raya karkara ya tafi ya bari. Idan Gulbi ya kawo, da shi yake ƙetarar da mutane da kayan lambu, abin da gidansa ke ci har kaka ke nan. Sai ga shi ya tsage a ciki, hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas.

A Sabon Gari muka sami mai gyaran jikin mota da ke sayar da rezin, ƙaron liƙe fiba, iri biyu. Na karanta takardunsu da muryar dikte, irin ta yi wa ɗalibai shifta. Ɗaya mai tsada ne, yana bushewa a hankali, ya fi kama tsohon jiki. Ɗayan mai araha, ana ɗiga masa wani ruwa daga ƴar kwalba, nan da nan ya daskare.

"Na farko za mu ɗauka, Kawu."

Ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal: "Mushe, albashinka ne zai biya, wanda ba a ba ka ba?"

Muka ɗauki na biyu. Kawu, da bai taɓa sayen ko barkono ya tashi ba gyara ba, ya tsaya yana kallon mai shago har ya ƙara masa kwalba guda ta ruwan ɗigawa.

Washegari da hantsi, a ƙofar gidansa, muka goge tsagar, muka yanka ƙyallen fiba. Na ce a dama kaɗan-kaɗan, ɗigo-ɗigo, haka aka rubuta. Kawu ya ce wanda ya rubuta bai san Gulbi ba, ya juye gwangwanin duka a kwano kamar mai dama furar gayya, ya bi shi da kwalba ɗaya. Ya ɗauko ta biyun.

"Gyara ce fa. Zubarwa zan yi?"

Ya tuttule ta ciki. Kafin in gama bayanin zafin rana, kwanon ya ɗauki ɗumi, ya fara hayaƙi, muciyar damawar ta tsaya tsaye a tsakiya. Rabin tsagar kawai muka samu muka shafe.

Da muka koma Sabon Gari, mai shagon ya ce tun da aka karya darajar kuɗin sefa kaya ba su ƙara shigowa ba, mai tsadan ma an saye.

Ruwa ya iso a makon. Kwale-kwalen ya yi damina kife a gindin mangwaro, awaki na kwana a inuwarsa. Kawu ya sauko da manyan gorunan mahaifinsa daga rumbu, ya koma ƙetarar da mutane ɗaya-ɗaya, yana iyo yana turawa, da furfurarsa.