Baiwa da Ɗan Hanne

Idan ka shiga Balan ka tambayi gidan Baiwa mai man gyada, ba wanda zai tashi ya raka ka. Hancinka za a ce ka bi. Shekara talatin da ɗoriya tana suyar gyada a gidan yayana Tukur, ta kai niƙa, ta matse mai da hannu, ta mulmule tunkuzar ta yi ƙuli-ƙuli. Matar yayana ce, don haka ina da lasisin tsokanarta, kuma ban taɓa bari ya mutu ba.

Bafulatana ce, daga wata ruga ta gefen Ajingi aka kawo ta. Shanun sun ƙare tun zamanin mahaifinta, amma kunyar tana nan daram. Ana yaye ɗanta na fari, Musbahu, aka miƙa wa yayarmu Hanne ta riƙe, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Baiwa kuwa ba ta taɓa kama sunansa ba. "Ɗan Hanne" take cewa. Idan ya zo gaishe ta, tukunya take kallo ta amsa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, kunu ta dama ta ce a kai wa Hanne, alhali Hanne lafiyarta ƙalau. Tukur ma ba gwara ba, su biyun tafiyarsu ɗaya.

Siyasa ta same ta ne a gaban kasko. Wani malamin firamare, Abdulmuttalib, ya fito neman kansila da tsohon babur mai tari. A zauren gidanmu yake yada zango, ya ci ƙuli ya kora da ruwa. Baiwa ta ga yana gaishe da tsofaffi a durƙushe, ta ce wannan da tarbiyya, ta bi gida-gida ta tara masa mata. Ya ci kansila, ya ci ciyaman, ya nemi majalisar jiha ya sha ƙasa, ya sake tsayawa ya ci. Yau shi ne Sanata. Ita dai har gobe Kansila take ce masa, a gaban kowa.

Ni ban cika yarda da 'yan siyasa ba, na sha romon baka har ya gundure ni. Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Lokacin da 'yan ƙwace suka addabi matan da ke kai mai kasuwar Ajingi, shi ya saya wa 'yan sintiri babura, hanya ta lafa. Shi ya yi wa masu mai da masu hatsi rumfunan kwano. Rijiyar burtsatsen unguwarmu kuwa har yau ko ɗigo ba ta kawo ba, kuma duk haɗuwarmu sai na tuna masa.

Wajen samar da aiki ne ya kafa wata doka. Ya ce duk wanda za a ɗauka daga Balan, a ji ta bakin Baiwa, don ita ba ta ƙarya, ba ta karɓar na goro. Ta kuwa riƙe amana. Ta ba da sunan marayu, ta ba da na 'ya'yan maƙwabta, har ɗan wata mata da ba sa ga maciji da juna ta sa aka ɗauka aikin asibiti. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga da hannuna.

Shi kuwa Musbahu ya yi difloma a gyaran injuna a Kano, ya dawo, shekara huɗu yana zaman kashe wando. Janareta, injin ban ruwa, injin niƙa, duk wanda ya ƙi tashi a Balan shi ake kira, a sallame shi da "Allah ya yi albarka." Sau uku ina kai takardunsa ofishin Sanata a Gaya. A na uku sakataren ya ce mini, "Malam Abdulsalam, da yaron kirki ne da Baiwa ta faɗa. Ta kawo na maƙwabta ta tsallake ɗan 'yar'uwar mijinta? Akwai dalili."

Na ce, "Ai ɗanta ne na cikinta!"

Ya ce, "To ka ga abin ya ma fi muni."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na same ta tana suya, na ce, "Baiwa, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Shirun nan naki can an ɗauka shaida ce a kan yaron."

Ta ci gaba da juya gyada. "Salamu, da wane bakin? In tashi in roƙar wa... Allah na nan."

"Allah na nan, shi ya ba ki bakin."

Ta ce in matsa, ina tare mata iska.

Bayan girbi Musbahu ya zo mini da maganar da nake tsoro. Ya shirya bin mota zuwa Agadas, daga can Libiya. Samari biyu sun bi hanyar nan daga Balan, ɗaya har yau uwarsa ba ta san ko yana raye ba. Na yi faɗa, na yi lallashi. Ya ce, "Baffa, wadda ta haife ni ma ba ta ga na isa ba. Zaman me zan yi?" Ya ce washegarin kasuwar Ajingi zai tashi. Na gaya wa Baiwa. A ranar gyadarta ta ƙone, abin da ban taɓa gani ba.

Ranar kasuwar ce Sanata zai buɗe wa ƙungiyar mata masu mai wurin matsar gyada da inji. Na goya Musbahu a babur, na ce ko ba komai ya ga injinan kafin ya tafi. Aka yi jawabai, aka yi tafi. Can sai Sanata ya ce ana neman wanda zai kula da injinan, za a tura shi horo, aikin kuma na dindindin ne. Ya juya wajen mata. "Baiwa, wa za ki ba mu?"

Aka miƙa mata lasifika. Ta riƙe ta kamar an ba ta garwashi.

"Kansila, akwai ɗan Hanne."

"Hanne nawa ne a Balan? Sakatare na rubutawa, suna muke so."

Na buɗe baki zan faɗa, Hanne ta mintsine ni a cinya. "Kul! Bar ta. Naka ai sun ji sau uku."

Baiwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kafa wa ƙasa ido. Musbahu ya fara zamewa zai bar wurin.

"Musbahu Tukur," in ji ta. Muryar ta karaɗe kasuwa har layin 'yan awaki. "Ni na haife shi. Ya iya aiki, ba ya ɗaukar na mutane. Ni ce dai ban faɗa ba."

Tsofaffin rugarsu suka ɗau salati, wata ta kama haɓa. Hanne kuwa ta rangaɗa guɗar da ta fi lasifikar ƙara. Sanata ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Shekara ashirin ina cin ƙulinki, ashe kina da ɗa kamar wannan?"

Ta ce, "Ba ka tambaya ba, Kansila."

Ba a ba shi aikin a bagas ba, sai da injiniya ya gwada shi a satin. Yau shekara biyu ke nan yana riƙe da wurin, ya koya wa mutum huɗu, man Ajingi kuma jarka-jarka ake lodinsa zuwa Kano. Baiwa ta huta da matsar hannu, sai mitar wai man inji ba shi da ƙamshi. Sunan kuwa ta mayar da shi inda ta ɗauko. Jiya ma tuwo ta ba ni ta ce in kai wa ɗan Hanne. Idan na ce ta maimaita abin da ta faɗa a lasifika, muciya take ɗauka.

Abin da ba na mantawa shi ne komawarmu gida a ranar taron. Musbahu na bayana a babur tun daga Ajingi. Sai da muka hango itatuwan Balan na ji ya kifa goshinsa a bayana, rigata tana jiƙewa.

Ya ce, "Baffa, ashe ta san sunan."