Sista Borka, Mai Tayar da Tsofaffi Tsaye

Ƙarfe shida na safe take shiga ɗakin masu karaya, ta nufi tagogi ta wangale su. Nan take tsofaffi su ɗau kururuwa, don a garinmu kowa ya yarda iskar da ke ratsa ɗaki ita ce uwar cututtuka.

"Borka, kashe mu za ki yi?"

"Da kisa nake nufi, Kaka, ai da na bar ka kwance. Sauko min da ƙafar nan."

Shekara talatin da takwas tana haka a ƙaramin asibitinmu na kudancin ƙasar Sabiya. Ranar Juma'a ta ajiye aiki, aka yanka kek ɗaya, kowa ya watse.

Idan tsoho ya karye a ƙugu, likita ne ke zaɓa. In tsagewa ce, ƙashin bai goce ba, ya ɗaure da kusoshi. In karayar ta yi ƙasa, ya zura dogon ƙarfe cikin ɓargo. In wuyan ƙashin ya rabu har jini ya daina isa, ya cire kan ya sa na ƙarfe. Awa biyu ya gama. Sauran na Borka ne: washegari ta tsayar da mutum a kan ƙafarsa, yana kuka yana zaginta, don ta san gado ne ke cinye tsoho, ba karaya ba. Jandarma muke ce mata, don tsananinta irin na soja. Ni ma na faɗa, ina jin kunyar hakan.

Gordana, 'yar tsoho Milutin mai gonar inabi, ita ta ba ni wannan labari, ta ce in rubuta da sunanta.

Mahaifinta ya faɗo daga tsani saura mako biyar bikin waliyyin gidansu da Kiristocinmu ke yi duk shekara, ranar da maigida ke yi wa baƙi hidima a tsaye. Shekara hamsin bai taɓa zama a ranar ba. Ƙugunsa ya karye, aka sa masa kan ƙashi na ƙarfe. Washegari Borka ta jawo sandar dogarawa mai ƙafa huɗu.

"Tashi, ango."

"Ke 'yar nan, ba ki da uba ne?"

"Ina da shi, ya fi ka raki. Baƙinka a kwance za ka tarbe su?"

Ya tashi. Taku uku ya yi, gumi na zuba, amma yana dariya ƙasa-ƙasa. Daidai nan Gordana ta shigo da miyar kaza, ta ga ubanta na rawar jiki a gaban buɗaɗɗiyar taga. Ta dire kwanon.

"Mutum mai shekara tamanin da ɗaya! Jiya-jiya aka yanka shi!"

"In kin kwantar da shi, ke kika binne shi," in ji Borka, a gaban kowa.

Gordana ta sa hannu a takardar sallama, ta kai shi gida. Ta rufe tagogi, ta lulluɓe shi da bargo uku, tana ba shi abinci a baki, ko bayan gida ba ta bari ya taka. Duk maƙwabta suka yaba mata. Ranar Lahadi Borka ta hau bas da sandar a hannu, ta je har ƙauyensu. Gordana ta tare ta a ƙofa, ko kofi ba ta ba ta ba.

Ranar biki surukinsa ne ya kunna kyandir ya zagaya da abinci. Baƙi suka riƙa leƙa ɗakin ɗaya bayan ɗaya, Milutin ya juya fuskarsa bango. Kafin inabi ya yi toho ciwon ƙirji ya ɗauke shi, ƙashin kuwa ya riga ya warke sumul.

Na tambayi Borka ko tana jin haushin Gordana. Ta daɗe tana murza zoben hannunta.

"Tsoro ne ya kama yarinyar, ni kuma na yi mata tsawa. Da na zaunar da ita na riƙe hannunta, da ya tsaya a bikinsa."

Kaito, Sista! Ke ce kika tayar da ɗaruruwan iyayenmu, suna yawo a kasuwa yau ba su ko tuna sunanki, amma wanda bai tashi ba shi kike ɗauke da shi. Ke ce mai tausayin da ya zo mana da kaushin murya, muka kasa gane shi. Mun gode, ko da godiyar ta makara. Ki yafe mana.

Ku kuma masu tsoho a gida, in an yi masa aiki aka ce ya tashi, ku ba shi kafaɗa ya dafa. Ku kau da kai in ba za ku iya kallon hawayensa ba, amma kada ku ce ya koma ya kwanta. Gordana ta ce in gaya muku ita ta ce wa ubanta ya koma ya kwanta da bakinta, kuma don so ta faɗa.