Anti Madubi da Idon Mai Keke

Kafin a buɗe ƙofar asibitin ido, Anti Madubi ta riga ta shiga ɗan ɗakinta na ƙarshen baranda. Sai ta goge teburi, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta ajiye madubin tsaye a inda hasken taga zai faɗo masa. Daga nan ta wanke hannu da sabulu mara ƙamshi, ta duba farcenta ko ya yi tsawo. Ba ita ke auna ido ba, ba ita ke rubuta magani ba. Idan likita ya ce mutum zai koma sa gilashin cikin ido, wato ɗan abin nan mai taushi da ake ɗora wa a kan ƙwayar ido maimakon tabarau, to wurinta ake turo shi ya koyi sawa da cirewa. A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, bayan gashinta ya yi fari a kan kujerar.

Aikin yana da sauƙin faɗi. Amma duk wanda ya taɓa kai yatsa kusa da idonsa ya san ido ba ya son baƙo. Akwai manyan mutane da suka zauna gaban madubin nan suna zubar da hawaye kamar an yi musu rasuwa, ita kuwa tana miƙa musu takardar goge fuska tana cewa, "Ba komai, idon ne ke gaishe ka."

Mijin ƙanwata, wanda kowa ke kira Dogo, yana cikin waɗanda suka zauna a wurin. Aikinsa kai saƙo da keke: magunguna, takardu, ƙananan kwalaye. Da shi yake ci da iyalinsa, kuma yana son aikin fiye da yadda zai iya faɗi. Tabarau ne suka zame masa matsala. In ya yi gumi su zamo masa kan hanci, in an yi ruwa su rufe ruf, gefe kuma ba ya gani sai ya juya kai. Wata rana aka buɗe ƙofar mota ta gefensa, bai ankara ba ya yi karo da ita. Maigidansa ya ce masa in aka sake, zai sauke shi daga keke ya zaunar da shi a sito yana jera kwali.

Na raka shi zuwan farko. Da shigarsa ta dubi hannunsa.

"Ɗana, wannan baƙin man sarƙar da shi za ka shiga idonka?"

"Anti, na wanke fa."

"Ka dai nuna wa ruwa hannun. Koma."

Ya koma famfo, ta sa shi ya bi ƙarƙashin kowane farce. Da ya zauna, yatsa na zuwa ido na rufewa. Ya yi ta yi har zufa ta jiƙa masa riga. Na ce, "Dogo, mutumin da ke ratsa tsakanin manyan motoci, yau yatsansa yake tsoro?" Ya ce, "Yaya, motar ai ba cikin idona take shiga ba." Anti ba ta yi dariya ba, ba ta kuma gaggauta shi ba. Ta ce ya bar kallon yatsan, ya kalli idonsa a madubi, ya saki numfashi. Da gilashin ya zauna daram, Dogo ya shiga duban ɗakin lungu-lungu.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Bayan 'yan kwanaki ya dawo ido jajur, ɗan akwatin gilashin a hannu. Ya ce a tsaye lafiya lau, amma da ya hau keke sai idon ya bushe, ya fara gani dishi-dishi, har gilashin idon hagu ya fice a wata gangara. Ya ce ya haƙura, sito ma ai aiki ne.

Anti ta fara kai shi wurin likita ya duba idon, aka ce babu rauni, ya huta. Da ya dawo da sabon gilashi, ta tambaye shi ina keken. Ya ce yana waje. Ta tashi da ciwon gwiwarta, ta fita filin ajiye motoci, ta ce ya yi ta zagayawa. Ba keken take kallo ba, fuskarsa take kallo. A zagaye na gaba ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Kai fa in ka hau keke ba ka ƙiftawa."

"Ni?"

"Kai. Ka zare ido a kan hanya kamar kana bin ta bashin gaisuwa. A da tabarau na tare maka iska, yanzu babu mai tare ta."

Ta ce daga ranar nan, duk sandar fitila da ya wuce ya ƙifta sosai, har fatar sama ta taɓa ta ƙasa. Ta kuma ce ya nemi farin tabarau mara magani, mai rufe gefe, saboda iska da ƙwari. Dogo ya riƙe baki: "Anti, na rabu da tabarau, kin sake ɗaura mini aure da su?" Ta ce, "Waɗannan in sun jiƙe ka cusa su aljihu, hanya ba za ta ɓace maka ba." Mai gadin asibitin ya ce mini ta yi ta fitowa filin nan a lokacin hutunta, Dogo na zagaye tana kira, "Ƙifta! Ƙifta!" har masu jiran likita suka fara taya ta.

Anti, ke ce kika gane cewa koyarwa ba ta ƙare a bakin teburi ba. Ke ce kika bi mutum har inda yake neman abincinsa, kika ga abin da shi kansa bai san yana yi ba. Mai sanyin hannu, ba ki taɓa ce wa kowa ya cika tsoro ba.

Da ruwan farko ya sauka, Dogo yana kan hanya da kwalin magani a baya. Bai raɓe a ko'ina ba. Ya kai saƙon, sannan ya biya ta tagarta a jiƙe sharkaf, ya ce, "Anti, ashe ruwan sama ɗigo-ɗigo yake sauka! Ni da na zaci hazo ne." Har yau yana kan kekensa, maganar sito kuwa ba a sake tayar da ita ba.

Mun gode, Anti. Ƙanwata na godiya, 'ya'yanta na godiya. Allah Ya huta gajiya, Ya sassauta miki gwiwar nan, Ya bar miki naki idon lafiya.

Mu kuma da ke koyar da wasu, a aji ko a shago ko a gida, idan wani ya dawo ya ce ya kasa, kada mu yi saurin karɓar abin daga hannunsa. Mu tashi daga kujera, mu ce masa, "Zo, yi in gani."