Goron Gayyar da Muka Ci Ba Mu Je Ba

Akwai safiyar wata Laraba da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Ba wani ne ya zalunce ni a ranar ba, ni na yi zaluncin.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gwaram, dab da iyaka. Tafiyar ƙafa kaɗan ce tsakaninmu da mutanen jihar Bauchi, amma tsakaninmu da hanyar Gwaram akwai rafi. In ya cika da damina, sai mu zama kamar ba a Jigawa muke ba. A shekarar da nake magana, jita-jita ta bazu cewa za a yanke mu a haɗa da Bauchi. Ni a motar Birnin Kudu na ji, daga bakin fasinjan da ban sani ba, amma na shigo da ita gari kamar a rediyo aka sanar.

Ina da maƙwabci, gamba ce kawai ta raba gonata da tasa. Mahaifiyarsa 'yar ɓangaren Bauchi ce. Wata damina matarsa ta sha wuyar haihuwa, rafi ya hana a kai ta Gwaram, jaririn bai zo da rai ba. Tun daga nan yakan ce a majalisa, "In ba a son mu a nan, a ba da mu ga masu so mana." Da mun ɗauke ta maganar baƙin ciki. Da jita-jitar ta zo, sai na soma jin ta da wani kunne daban.

Ana haka sai ga shi da takarda, yana bi gida-gida ana dangwala yatsa. Ya ce roƙon gada ne. Na lura ya shiga ko'ina, ya tsallake gidana. A nan zuciyata ta gama yanke hukunci. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce, ina da fadamar da kawunnansa suka taɓa cewa ta kakansu ce. Na ƙudurta cewa ranar da muka koma Bauchi, ranar za su karɓe ta.

Sai na shiga bin mutane ɗaya-ɗaya. "Gada ya ce maka? To, wa ya karanta maka? Kai dai ka dangwala, ka sayar da garin ubanka." Ni da na yi firamare, ni nake karanta wa rabin ƙauyen wasiƙa, ban taɓa cewa ya ba ni in duba ba.

Yawon takardar ya cinye masa lokaci, ciyawa ta ci ƙarfin geronsa, sai ya raba goron gayya. A wurinmu, wanda ya karɓi goron gayya ya yi alkawari ke nan. In ba za ka je ba, mayarwa kake yi, mai gona ya san adadin da zai dafa wa. Na ce da mutanen gari, "Ku karɓa ku ci, kada kowa ya je. Ya kira kawunnansa su nome masa."

Ranar Laraba ina cikin gonata ina kallo. Matarsa ta jera tukwanen tuwo da kunu a gindin ɗorawa, abincin mutane da yawa. Shi yana tsaye da fartanya, yana duban hanya. Har rana ta take, babu wanda ya zo. Can ya matso bakin gamba ya ce, "Malam, ko an yi rasuwa ne ban ji ba?"

Na ce, "Ban ji ba."

Sai ya ce, "To zo ka ci tuwo, kada ya lalace." Na ce na ƙoshi.

Bayan sati biyu mai unguwa ya tara mu, ya karɓi takardar, ya miƙo mini. "Kai ne mai karatu, karanta mana da ƙarfi." Da Hausa aka buga ta. Na karanta daga sama har ƙasa ina neman Bauchi, babu. Gada ce, da labarin matan da rafi ya tare. Maƙwabcina ya dube ni ya ce, "Na bar ka ƙarshe ne don kai za ka raka ni mu kai ta. Ka fi ni iya magana da ma'aikata."

Geronsa bai yi ba a shekarar. Da kaka na kai masa damma, ya yi godiya, ya sa aka dawo mini da su. Na nemi gafara, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Amma kafin wata damina ya kwashe iyalinsa ya koma garin mahaifiyarsa. Ya ce ba zai iya sake miƙa wa kowa goro a nan ba.

Har yau ƙauyenmu yana Jigawa, fadamata tana hannuna, babu wanda ya taɓa tambayarta. Mutum ɗaya ne ya koma Bauchi, kuma ni na tura shi. Abin da na koya shi ne, in zargi ya shiga zuciyata, in fara tambayar kaina abin da nake tsoron rasawa, sannan in taka in je in tambayi mutumin. Tsakanina da gaskiya a lokacin, gamba ce kawai, na kasa tsallakawa.